Ranar da Lamisi Ta Tare Bakin Rumfa

Wanda duk ya zauna unguwar Nima ta birnin Ankara a shekarun da ake fafutukar 'yancin kai ya san Lamisi mai wake da shinkafa, wadda rumfarta ke bakin babbar kwata, a hanyar da ta gangara unguwar Maamobi. 'Yar garin Bolga ce, can arewacin ƙasar. Ta zo Ankara ne da mijinta Ayamga, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, ya dawo ya samu aikin gadi a wani sito cikin gari. Kiristoci ne su biyun, a unguwar da kusan kowa Musulmi ne, amma ba wanda abin ya dama. Maƙwabciyarta Husseina ce ma ke tsare mata wuta ranar Lahadi in ta tafi coci.

Abin da ya sa aka fi saninta shi ne yadda take magana da Allah. Ba ta jiran sai ta durƙusa. Tana hura wuta za ka ji ta ce, "Uba, ka ga itacen nan ɗanye ne, taimake ni." In za ta kasuwar Agbogbloshie sayen albasa sai ta tsaya bakin titi ta ce, "Shige gaba, ina biye." Masu ciniki su yi ta dariya, ita ma ta taya su.

Shekarar zaɓe ta 1956 ta zo wa Zango, wato unguwannin baƙi irin su Nima, da jini. Samarin jam'iyyu biyu suka raba unguwa lungu-lungu. Motoci masu lasifika na shigowa cike da ƙarti, a fara da waƙa, a koma zagi, a ƙare da duwatsu da fasassun kwalabe. An fasa wa wani tela kai a kan kekensa. An ƙona wa wata mai koko teburinta don kawai launin ɗankwalinta bai yi wa wasu ba.

Wata safiya Ayamga ya taso daga gadi, ya faɗa tsakiyar irin wannan faɗa a mahaɗar titi. Ba ya kowane ɓangare. Wata mota ta tsaya, mutane suka diro da kulake, suka rufe shi da duka. Kafin Lamisi ta iso da gudu, da ludayi a hannunta, an watse. Ta same shi rabin jikinsa cikin kwata, haƙoransa a zube, gefen kansa ya lotsa. Ta ɗora kan a cinyarta, jini na bin zanenta. Nan ya cika.

Bayan jana'iza, ƙanensa Atinga, ɗan dako a tashar mota, ya rantse gaban 'yan garinsu cewa sai ya zubar da jinin wanda ya tuƙa motar nan. Lamisi ta ji, ba ta hana shi ba. A ranta ita ma abin da take so ke nan. Ta koma bakin tukunya saboda 'ya'ya na bukatar abinci, amma bakinta ya mutu. Husseina ta lura cewa ta daina yi wa Allah magana.

Ana nan, wata rana da azahar, rana na dukan kwano, sai ihu ya taso daga wajen Maamobi. "Ga shi nan! Ku tare shi!" Wani mutum ya ɓullo daga lungu yana tangaɗi, rigarsa a yage, idonsa ɗaya ya fashe, jini ya rufe masa rabin fuska. Iliasu ne, wani direba da takan gani yana sayen wake da safe, wanda ake raɗe-raɗin shi ya tuƙa motar nan. Ya ture bencin masu cin abinci, ya faɗa cikin rumfarta, ya laɓe bayan buhunan gawayi.

"Mma Lamisi, don Allah," ya ce yana haki. "Wallahi ba ni ba ne."

Ba ta san ko gaskiya yake faɗa ba. Ta dube shi, ta dubi tukunyar da ke tafasa a gabanta, zuciyarta ta raya mata ta juye masa ita a ka. Hannunta har ya kai ga tsumman ɗaukar tukunya. Sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Uba, ga shi ka kawo mini shi. Me kake so in yi?"

Ba ta ji wata murya ba. Daga baya ta sha faɗa wa mutane haka, don kada su ƙara wa labarin gishiri. Abin da ta sani kawai, ta ji ba ita kaɗai ce a rumfar ba, kuma ƙafafunta suka kai ta bakin ƙofa. Ta ware hannaye ta kama ginshiƙai biyun.

Taron ya iso, Atinga a gaba da adda, na bayansa da sanduna da duwatsu.

"Matar yaya, matsa," in ji Atinga.

"Ka gan shi da idonka ranar nan?"

"Kowa ya ce shi ne!"

"Kai nake tambaya, Atinga. Ka gan shi?"

"Jinin mijinki bai bushe ba kike kare kare irin wannan?"

"Ni na wanke jinin, ba kai ba. Ba za a ƙara zubar da wani a gabana ba. In shi ne, Allah ya san inda yake."

Wani daga baya ya jefo dutse, ya tsaga mata goshi. Jini ya sauko mata cikin ido, ba ta saki ginshiƙi ba. Aka fara turowa, rumfar na girgiza, tukunya ta kife, ruwan zafi ya malale ƙafafun na gaba, suka yi ta ihu suna tsalle. Cikin wannan hargitsi Atinga ya hango Iliasu ta ƙarƙashin hammatarta, ya kai sara. Lamisi ta sauke hannu ta tare. Addar ta shiga ƙasan gwiwar hannunta na dama har ƙashi.

Atinga ya tsaya yana kallon addar kamar ba shi ya riƙe ta ba. Lamisi ta zame ta zauna a bakin ƙofar, amma ba ta kauce ba. Husseina ce ta ratso taron tana zagin kowa da kowa, ta cire mayafinta ta ɗaure hannun tamau. Mutala mahauci da abokan sana'arsa suka zo suka yi wa rumfar zobe, wuƙaƙensu a ƙugu, har 'yan sanda suka iso.

Hannun bai koma daidai ba. Yatsunta uku suka ƙage, sai da ta koyi zuba abinci da hagu, tana ba masu ciniki haƙuri duk lokacin da ta miƙa musu kwano. Iliasu ya warke da ido ɗaya, ya koma Kumasi, bai taɓa dawowa ya ce mata na gode ba. Har yau ba wanda ya san ko shi ya tuƙa motar. Wasu 'yan garinsu suka daina gaishe ta, suna cewa ta sayar da jinin mijinta. Abin ya yi mata ciwo fiye da saran, kuma ba ta ɓoye ba.

An ɗaure Atinga. Ranar ziyara ta farko Lamisi ta shiga trotro, motar haya, da kwanon wake a cinya, hannunta rataye a wuya. Ya ƙi fitowa. Ta koma, ya sake ƙi. Ta ci gaba da zuwa har ranar da ya fito, ya zauna gabanta kansa a sunkuye. Ta tura masa kwanon.

"Ci, kar ya huce," ta ce. "'Ya'yan yayanka na tambayarka."

Da aka sake shi, a ɗakinta na baya ya sauka, don ba shi da wani wurin. Shi ya riƙa ɗauko mata buhunan shinkafa daga kasuwa. Lamisi ta ci gaba da sana'arta a Nima har ƙarshen shekarun sittin, lokacin da ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Atinga da Mutala ne suka ɗauke ta a kan ƙyauren ƙofa zuwa bakin titi, suka tsayar da motar da ta kai ta asibiti. Can ta rasu, babbar 'yarta na riƙe da ita.