Kabbarar Kawu a Kan Tudu

Ƙamshin ruwan farkon damina ya buge ni yau a unguwar Gaweye, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Kullum asuba yakan haye gada da ƙafa, ya hau tudun hayin kogi. Yakan ce, "Mai sauri ba ya jin zikirin itatuwa."

Da ɓarin jikinsa ya shanye, lokotoro ya ce hawan tudu ya ƙare. Damina na faɗuwa Kawu ya ce mini, "Ɗana, ɗauko sandata."

Muka hau yana jan ƙafa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na miƙa hannu, ya ture. Da muka kai ƙoli ya dubi kogi, ya ɗaga sanda, ya yi kabbara har tsuntsaye suka tashi.

Allah ya sa haka zai haye Siraɗi.