Rakiyar Kawu Bitrus

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Bitrus a Sterling, nan Amurka, ya san shiga ba wuya, fita ce aiki. Da ka ce za ka tafi sai ya ɗauko hularsa ya biyo ka har wurin fakin, ko da ƙanƙara ake zubawa. Ka shiga mota, shi kuma ya tsaya ƙyam, hannaye manne da cinya, ya sunkuya. Ka yi ribas, ya sunkuya. Ka kai bakin titi yana nan a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. Kuma doka ce, kafin ka sha kwana sai ka waiwayo ka ɗaga masa hannu. Ga Malam Isufu can yana ƙunshe dariya, shi ya fi kowa sanin hukuncin wanda bai waiwayo ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Laraba, 'yar ƙanwarsa, mai aikin nas a Landover. Fasto ya ce in yi magana kan marigayi, in kuma taƙaita. Maganar zan yi, taƙaitawar ce ban yi alkawari ba.

Malam Isufu, ɗan Nijar ɗinmu mai aikin rediyo, ranar da ya fara kai wa Kawu ziyara sauri yake yi, lokacin labarai ya kusa. Ya fizgi mota ko kallon baya bai yi ba. Ya kusa hawa babban titi sai ga waya.

"Isufu, ka yi mantuwa."

"Subhanallahi! Mi na mance, Baba? Jikkata ce?"

"Dawo ka gani."

Bawan Allah ya juyo da mota, ya tarar da Kawu tsaye daidai inda ya bar shi.

"Ni ka manta," in ji Kawu. "To, sake tafiya, amma wannan karon ka tafi kamar ɗan mutane."

Ranar dai wani ne ya karanta wa duniya labarai.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba wanda ya kai Kawu yi wa Japanawa tsiya, kuma ba wanda ya kai shi kwaikwayonsu. Shekaru ya yi a can yana lodin tsofaffin motoci zuwa Najeriya, shi ya sa kuka sa masa Baba Japan. A can ya yi aure, aka haifa masa 'ya guda, uwarta na ce mata Hana, shi kuma Hannatu. Da takardunsa suka ƙare ya taho nan, da niyyar in ya zauna da gindinsa ya ɗauko su. Bai ɗauko su ba. Auren ya mutu ta waya, yarinyar ta girma ta daina amsa kiransa. Jajayen silifas ɗin nan da ke bakin ƙofarsa, waɗanda ba a taɓawa, nata ne. Da ya ƙiyasta ƙafarta ta ƙara girma sai ya sayo wasu ya sauya. Duk abin da zan faɗa yau, ku riƙe wannan a ranku, mutumin nan jiran 'yarsa yake yi.

Amma ku ji bakinsa! "Mutanen nan," in ji shi, "sun ƙera mota, sun ƙera jirgin ƙasa da ke gudu kamar an harbo shi, amma kunna risho su dafa kifi ya gagare su. Ɗanye suke ci, Laraba! Na ce wa surukina, Baba, in gas ne ya ƙare ni zan saya." Shi mai wannan maganar shi ne ya zo cin abincin Kirsimeti a majami'armu ta Lanham da wani ɗan kwano a rufe. Kowa ya kawo shinkafa da kaza da gwate, shi ya kawo natto, wato waken suya da aka bari ya ruɓe har yana yauƙi. Da ya buɗe, matan zumunta suka fara duba ƙasan takalmansu.

Fasto, don kada ya karya masa zuciya, ya kai cokali ɗaya baki. Zare ya biyo cokalin tun daga kwano har gemunsa.

"Baba Bitrus, wannan abin ya lalace fa."

"Ranka ya daɗe, ai ba ya lalacewa, a lalace ake sayar da shi. Daddawa ce da ta yi boko. Kuma duk wanda ya sha miyar karkashi ya lashe hannu ba shi da bakin magana a nan."

Ya zauna ya cinye abinsa shi kaɗai, yana ci yana cewa, "Kai, mutanen nan ba su da ɗanɗano."

Gidansa kuwa silifas kala-kala ne. Na falo daban, na banɗaki daban, kuma kaiton wanda ya fito falo da na banɗaki. Matar Fasto ta taɓa yi, ta zo ta harɗe kan kujera tana shan shayi. Kawu ya ƙura wa ƙafarta ido har shayin ya ƙi wuce mata.

"Mama, lafiya kika kawo mana masai falo?"

Ta zabura za ta sauya, sai ta nufi jajayen nan. Ban taɓa ganin tsoho ya yi tsalle irin na ranar ba. Ya riga ta isa, ya ɗauke su ya rungume a ƙirji, ya ce, "Waɗannan da mai su." Muka yi dariya, shi ma ya yi. Da ya mayar da su sai da ya goge su da hannun riga.

Daga nan ya shiga ba mu labarin masai na Japan, don ya wanke matar Fasto daga kunya. Wai ranar da ya fara shiga, yana buɗe ƙofa murfin ya ɗaga da kansa. "Na ce to, ƙasar da masai ke gaisuwa, ni wa? Na sunkuya na amsa. Na zauna, na ji wurin da ɗumi kamar yanzu wani ya tashi. Na ga maɓallai, na danna ɗaya don neman ilimi. Laraba, buta ce mai lantarki, kuma ba ta kuskure!"

Kun san aikin da ya riƙe har ƙarfinsa ya ƙare, tura keken marasa lafiya da tsofaffi a filin jirgi na Dulles. Na yi na yi ya bari, na samo masa aikin gadi na zaune kusa da ni, ya ƙi. Ashe kullum sai ya roƙi a ba shi shif ɗin da jirgin Tokyo ke sauka. Ya tsaya a ƙofar fitowa, baƙin mutum dogo da tsagar Kagoro a fuska, yana sunkuya wa tsofaffin Japanawa yana gaishe su da yarensu, su kuma su rikice su yi ta sunkuyawa, shi ma ya ƙara, har layi ya tsaya. Ya dawo gida ya ce, "Ba mai son ya riga wani miƙewa. Wata tsohuwa yau sai da bayana ya amsa." Na tambaye shi ko don gaisuwar yake son shif ɗin. Ya ce, "Ina dai duba fuskoki."

Sai kuma lokacin furanni. Kun san bishiyoyin nan na bakin ruwa a cikin Washington, masu fure fari da ruwan hoda, da ke cika gari da 'yan kallo in sanyi ya wuce. Kawu ya tsane su, a bakinsa. "Bishiya ba mangwaro, ba gwaiba, ba ko ɗan tsamiya. Fure kawai, mako guda ya zube. A Japan mutum da digirinsa zai shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi yana kallo yana hawaye. Wai kyan abin shi ne ba ya daɗewa. Ka ji shirme!" Amma duk shekara sai na kai shi, da tabarmarsa da flas ɗin shayi.

A ƙarƙashin bishiyoyin nan yake maimaita labarin da kuka sha ji, yana ba da shi kamar abin dariya. Ranar da zai bar Japan, Hannatu da uwarta suka raka shi tashar jirgin ƙasa. Yarinyar ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ta tsaya ta sunkuya masa yadda aka koya mata, tana jira ya juyo ya amsa, don a can mai tafiya yakan waiwayo kafin ya ɓace. Shi kuwa ɗan Kagoro, an raine shi a kan cewa namiji in ya yi sallama ba ya waiwaye, kada a ga idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe ya shige, hawaye na zuba ta gaba, su kuma ƙeya kawai suka gani. Daga baya uwar ta gaya masa yarinyar ta daɗe a sunkuye, ta ƙi ɗagowa, wai Baba bai juyo ba tukuna.

"Kin ji fitinar Japanawa," yakan ce. "Wai don ban waiwaya ba! Wuya ne fa kawai ban juya ba." Sai ya yi dariya, ya kakkaɓe furen da ya zubo masa a hula. Ni tun ina taya shi dariyar har na daina iyawa.

Da ciwon ya kwantar da shi, na nemo Hannatu ta intanet. Babbar mace ce yanzu, da aikinta. Na rubuta mata cewa mahaifinta na asibiti kuma likitoci sun ce lokaci ya ƙure. Ta amsa da ladabi irin wanda ban taɓa gani ba. Ta gode mini da nake kula da shi, ta ba ni haƙurin wahalar da aka ɗora mini, ta yi masa fatan sauƙi. Maganar zuwa ko kalma ɗaya babu. Na so in ɓoye, ya ce in karanta masa duka. Ya saurara ido a rufe.

"Kin ga tarbiyya?" ya ce. "Ko ƙin ka za su yi sai sun ba ka haƙuri." Can ya ƙara da cewa, "Ki dai bar silifas ɗin a inda suke."

Ko a gadon asibiti bai fasa rakiya ba. Tashi ya gagare shi, amma in zan fita sai ya ɗago kai daga filo, wuyansa na rawa, ya riƙe shi haka har in kai ƙofa. Ranar ƙarshe na waiwayo na ɗaga masa hannu. Ya ce, "Yauwa," ya mayar da kansa.

Shekaranjiya da muka baro maƙabarta, na ja mota har na kai kwana, sai wuyana ya juya da kansa. Jama'a, ba kowa a tsaye. Ban san zafin abin da aka yi wa yarinyar nan ba sai a lokacin, kuma ban san na Kawu ba sai a lokacin. Na gaya mata ya rasu, ta sake gode mini. Silifas ɗin suna cikin but ɗin motata, mai gidan da Kawu ke haya ya ce a kwashe kaya, kuma na rasa wanda zan ba.

Ya Ubangiji, ga bawanka Bitrus nan ya iso, bayansa ya gaji da sunkuyo. Ka tarbe shi tun daga ƙofa, ka ba shi hutawa. Hannatu kuma, a duk inda take, ka sanyaya mata zuciya, ka sa wata rana ta ɗago kanta. Amin.