Bahaguwar Oga Bulus

Shekara huɗu ke nan a wannan watan da rasuwar abokina Bulus, wanda Hausawan unguwar Abu Hail ta Dubai suka fi sani da Oga Bulus mai gyaran bodin mota. Mutumin Zonkwa ne, a Kaduna ya koyi sana'a, kuma da zai zo Dubai sai da ya cusa gudumarsa guda biyu a jaka, duk da an gaya masa akwai guduma a nan. Ni ɗan Kano ne, kago nake yi, ina haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena zuwa gida. Shekara shida muka yi a filat ɗaya, ɗakinsa na kallon nawa. Ran Juma'a shi ya nufi coci can Jebel Ali, ni in nufi masallaci, mu dawo mu haɗu a kan tuwon da shi ya iya tuƙawa, ni kuma na iya ci. Duk shekara nakan ce zan yi rubutu a kansa sai in fasa, saboda akwai ɓangaren labarin da ban so a sani ba. Bana na gaji da ɓoyo.

A farkon 2016 aka buɗe wata kwantena da ta daɗe a yashe a wani sito a Jebel Ali, aka tarar da mota a ciki, tayoyi sun zauna, ɓeraye sun yi gida a kujerar baya. Wani dattijon Balarabe ya saye ta, domin yana kyautata zaton ita ce wata mota da aka ƙera guda ɗaya tak a Ingila tun zamanin kakanninmu, aka nuna ta a wajen baje kolin motoci, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Amma zato bai isa ba. Sai wani ƙwararren Bature ya zo ya duba ya sa hannu a takarda sannan za ta zama ita. In bai sa ba, tsohon ƙarfe ce kawai. Garejin da Bulus ke aiki aka kai ta.

Dattijon ya so a kankare ta da inji, a feshe ta da sabon fenti cikin wata guda. Bulus ya ƙi. Da reza da tsumma da kananzir ya kwanta ƙarƙashinta kusan mako uku, yana ɗaga fenti hawa-hawa, har ya kai ga lambar da maƙeran farko suka buga a jikin shasi, ƙarfen gindin motar. Da inji aka sa, da ya shafe ta kafin a ankara. Baturen ya zo ya gwada da tsohon littafinsa, lamba ta yi daidai. Ya ce saura abu ɗaya: a warware motar, a gyara, a mayar, shi kuma ya dawo ya tabbatar kowane ƙarfe da ke jikinta nata ne na asali.

Bulus yana da wata ɗabi'a da na sha yi masa tsiya a kanta. Ba ya yar da komai. Ko noti ɗaya ya kwance sai ya sa a leda, ya ɗaure, ya rubuta da alƙalamin maka inda ya ciro shi. Da Hausa kuma yake rubutawa, wai ya fi saurin tunani da ita. Ya sa wa motar suna Bahaguwa. In ya dawo da yamma in ce, “Oga, ya mutuniyar?” sai ya ce, “Alhajin kago, Bahaguwa ce, sai shuwayya-shuwayya, a bi ta a hankali.” Ni duk ɗaukata saboda taurin kanta ne, kamar yadda muke ce wa mutum mai wuyar sha'ani bahago. Ban taɓa tambaya ba. Sau biyu na je na gan ta, duk a lokacin ƙwarangwal ce bisa sanduna, babu kujera, babu sitiyari, babu ƙofa.

Wata Talata da rana, a 2017, ya ce wa abokan aikinsa ƙirjinsa na ciwo, ya zauna a kan taya. Kafin a isa asibiti ya cika. Ni da na saba tura buhuna da katan-katan, ni na bi takardun tura gawarsa gida. Ban taɓa cike takardar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Bayan wata biyu manajan garejin ya kira ni. Mota tana nan a warware, leda ta fi ɗari uku, kuma cikin ma'aikatansa 'yan Pakistan da Filifin babu mai karanta ko kalma ɗaya. Na je da murna, ina ganin hidima ce ta ƙarshe da zan yi wa abokina. Kwana uku ina fassarawa. Bulus ba ya rubuta hagu ko dama. “Gefen direba” yake sawa, ɗaya gefen kuma “gefen mai zaman banza”, kamar yadda kowa ke faɗa a tasha. Sai na ga in na fassara musu haka dariya za su yi, bari in sauƙaƙa musu. Duk inda ya ce direba na rubuta hagu da Turanci, inda ya ce mai zaman banza na rubuta dama. Direba ai a hagu yake, a Kano haka, a Dubai haka. Na gama, aka yi mini godiya, na tafi ina jin kaina malami.

Ita kuwa motar da hannu aka ƙera ta. Ƙarafan da ke riƙe ƙofa da dogayen sandunan ado masu ƙyalli na gefe, in ka kalle su na hagu da na dama iri ɗaya ne, amma kowane rami da hannu aka huda shi, bai yarda da wurin ɗan'uwansa ba. Aka ɗaura ƙofa ta ƙi rufuwa. Aka kawo sandar ado, ramuka suka saɓa. Baturen ya dawo, ya gwada, ya girgiza kai, ya ce da alama waɗannan kayan daga wata motar aka ciro su, ba zai sa hannu ba. Daga nan magana ta juya. Manajan bai fito fili ya ce sata ba, cewa ya yi mutum ɗaya ne ya kwance su, shi kaɗai ya san abin da ya rubuta, kuma kayan irin wannan mota suna da masu nema. Na tashi na yi ta masifa a ofishinsa har muryata ta dishe. Ina kare Bulus, ban san da kaina nake faɗa ba.

Maganar Hausawan Dubai ba ta kwana ba ta isa gida ba. Matarsa, Maman Dauda, ta kira ni wata safiya ina unguwar Al Buteen ina lodin kaya.

“Alhaji, gaskiya ne abin da nake ji? A coci ma an fara kallona. Mutumin nan ko ledar burodi ba ya yarwa, shi ne zai sayar da kayan mutane?”

Na ce ta yi haƙuri, motar ce da wuyar sha'ani, ai shi ya sa ma ya kira ta Bahaguwa.

Ta ce, “A'a Alhaji, ba don haka ba ne. Ce mini ya yi direbanta a dama yake zama, irin motocinmu na da kafin canjin hannu.”

Ban san yadda na yi mata sallama ba. Na bar lodin na tari tasi. Da na isa garejin na leƙa gaban motar, ga ramin sandar sitiyari nan a dama, yana kallona. Kowa a garejin ya san da shi, ba wanda ya san abin da ke rubuce da Hausa. Ni na san Hausar, ban san da ramin ba. Na ce wa manajan a juya komai, na hagu ya koma dama. Kafin la'asar ƙofar farko ta rufu da ɗan ƙaramin sauti kamar an rufe firij. Bayan mako biyu Baturen ya sa hannu, har ya ce bai taɓa ganin motar da aka warware ba tare da ɓatan ko noti ɗaya ba sai wannan. Manajan ya dafa kafaɗata ya ce, “Kalas, habibi, ya wuce.” A wurinsa ya wuce.

Watan jiya na je inda aka baje ta. An zagaye ta da igiya ja, mutane sanye da takunkumi suna ɗaukar hoto, ba mai ikon taɓawa. Allon da ke gabanta ya ambaci mai ita da Baturen da ya tantance ta, babu sunan Bulus. Na tsaya ina tunanin abin da zai ce. Na san ba allon zai kalla ba, durƙusawa zai yi ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko mai na ɗiga. Motocin lantarkin da suka fara yawa a titi kuwa, waɗanda in sun lalace sai a cire ɓangare ɗungurugum a jefar, ina jin tsaki zai ja ya ce wannan ba gyara ba ne, canji ne. Da na biya garejin na tarar har yanzu a leda suke ɗaure noti, kuma ɗan Filifin ɗin da ya gaji bencinsa ya nuna mini wata leda da ya rubuta “mai zaman banza” da hannunsa. Ya ce ya fi hagu da dama aminci, domin yana bin motar duk inda sitiyarinta yake.

Abin da ya rage na Bulus ke nan a garin nan: mota da ba ta ɗauke da sunansa, da wata kalmar tasha a bakin mutanen da ba su taɓa ganin tashar ba, da sunan kirki da ya kusa salwanta a hannun amininsa. A ranar da ƙofar ta rufu na kira Maman Dauda na ce mata an gano kuskure ne, an wanke shi. Ta yi kuka ta yi mini godiya, ta ce Allah ya bar zumunci, ba ta tambayi kuskuren wa ba, ni ma ban faɗa ba. Shekara huɗu duk Kirsimeti sai ta aiko mini da gaisuwa a matsayin wanda ya wanke mijinta. Na san ɗanta Dauda yana karanta mata wannan shafi. Maman Dauda, rubutun mijinki daidai yake tun farko, ko leda ɗaya bai kuskure ba. Ni na juya shi. Ki yafe mini.