Kwanuka Uku a Ƙarƙashin Kwalbati

Gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa ne, can wajen Likoro, kusa ƙwarai, har in jirgin kaya zai wuce sai ka ji murafan tukwane suna rawa. Da jirgin nan muke ci. Kakata, wadda kowa ke ce wa Iya, shinkafa da wake take dafawa, mu miƙa wa fasinja ta taga a cikin kwanuka. Jirgi kuwa ba ya jiran mai ci. Mutum zai karɓa ya biya, jirgi ya tashi da shi yana ci, in ya gama ya wurgo kwanon gefen dogo. Mu yara sai mu bi layi muna tsinta. Kowane gida da shaidarsa, tamu jan fenti ne a gindin kwano.

Zamanin soja ne, ana ta tsuke bakin aljihu, sabon kwano sai dai ka gan shi a kasuwar Hunkuyi ka wuce. Jirgin ma ya daina cika alkawari. Na azahar ya zo da la'asar, wata rana kuma sai gobe. In ka dafa bai zo ba, asara ta same ka.

Ta nan Rifkatu ta samu shiga. Sa'ata ce, 'yar mai juya layin dogo a tasha, mutanen kudancin Kaduna. Babanta yana jin labarin jirgi ta wayar tasha, ita kuma ta rugo gidanmu tana haki: "Iya, ya baro Kaduna, ki ɗora." Ko ta ce, "Iya, yau kada ki wahalar da kanki." Shi ke nan fa aikinta, gudu da baki. Ni da nake tsintar wake, ni da nake wanke-wanke har hannuna ya yi fari, ba a ganina. Ƙanzon tukunya ya koma nata. In an yi sallar magariba muka taru a rumfa, Iya ta tura ɗanyen ganye cikin sauran garwashi don korar sauro, wurin da nake zama jikin gwiwarta tun ina rarrafe, sai in tarar da Rifkatu a baje. Iya tana ba da labari, hannunta yana kan kitsonta. Wallahi har yanzu ban manta hannun nan ba.

Ran nan da damina muka fita tsintar kwanuka, ta bi hannun dama na dogo, na bi hagu. Na tsinci uku namu, na gangara ƙarƙashin kwalbati na tura su cikin laka. Da na dawo na ce wa Iya uku babu, kuma na ga Rifkatu ta bi ta gidansu da wani abu a zani. Na ɗaga murya yadda matan maƙwabta za su ji, suka kuwa ji. Iya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ci gaba da kwashe toka.

Da yamma Rifkatu ba ta zo ba. Na zauna a wurina na da, ina jira a dafa kaina. Iya ba ta fara labari yadda sauran tsofaffi ke farawa, nata salon daban ne. "Jirgi ya tsaya, wa zai shiga?" Muka ce, "Mu ne." Ta ce, "To ku gyara zama."

Wai wata tsohuwa ce ta sa wa kazarta ƙwan zabuwa, aka ƙyanƙyashe 'yar zabuwa tare da 'yar tsakuwa. Zabuwa akwai ido. Da ta hango shirwa sai ta ɗauki kuka, kowa ya ɓuya, tsohuwa ta watsa mata ƙarin tsaba. Abin ya ci wa 'yar tsakuwa rai. Ta je ta tone irin dawar tsohuwa ta binne a bayan rumbu, ta ce zabuwa ce ta cinye. Zabuwa ta ji kunya ta shiga daji. Kwana biyu sai ga shirwa tana shawagi, gida tsit, babu mai kuka.

Nan Iya ta tsaya, ta koma tona garwashi. Ƙanena ya ce, "Iya, sai ta ɗauke wa?"

"Na manta ƙarshen," in ji ta. "Tsufa. Dije, ko ke kin tuna?"

Na ce ban taɓa jin labarin ba. Ta ce, "To, mu jira ki tuna." Hannunta yana kan cinyarta har muka tashi.

Na so in fito da kwanukan. Kullum sai in ce gobe. Maman Rifkatu ta hana ta taka gidanmu, sau biyu muka dafa jirgi bai zo ba, muka ci shinkafa har ta yi yami. Kafin goben tawa ta zo aka rage ma'aikatan tasha, sunan baban Rifkatu yana ciki. Ranar da za su tafi Iya ta cika kwano, ta sa nama a kai, abin da ba ta yi wa kowa, ta ce ni zan kai. Na miƙa ta tagar jirgi ban ɗaga ido ba. Rifkatu ta juye abincin a ledar mamanta, ta goge kwanon da bakin zaninta, ta leƙo.

"Dije, karɓi tun jirgi bai tashi ba. Duba gindinsa, naku ne."

Ban sake ganinta ba.

A yammacin na tono kwanukan, duk sun yi tsatsa, na ajiye gaban Iya ina kuka. Ba ta ko taɓa su ba. Ta ce, "Tun ranar na sani. Laka har gwiwarki, alhali gefen dogo tsakuwa ce."

Na daɗe ina ɗauka labarin zabuwa gargaɗi ne kawai kan ƙarya. Sai da na aurar da 'ya'ya na gane abin da Iya ta yi. Kalma ɗaya za ta faɗa a gaban matan nan ta wanke Rifkatu, ni kuma in zama maƙaryaciyar tasha har ranar aurena. Ba ta faɗa ba. Ta bar 'yar mutane ta tafi da sunan sata don ta rufa wa jikarta asiri. Ashe duk haukan da nake yi, ni ce tata.

Amma kada ku ce kishin ya wuce. Har Iya ta rasu, in jirgi ya yi ƙara daga kudu sai ta ɗaga kai ta ce, "Ko yarinyar nan ta yi aure?" Shekara goma sha ina gabanta, ina ba ta ruwa a baki, ina juya ta a kan gado. Ni ta zaɓa, ita take kewa.