Takardar da Aka Tsinta a Bangon Masallaci

Ko zan manta komai a rayuwata, ranar da aka rushe tsohon masallacin ƙauyenmu, can bayan Jahun, ba za ta fita daga raina ba.

Masallatai uku na ƙasa muka taso muka tarar, amma na gindin tsamiya shi ne uba. Tun muna yara ake gaya mana kakan kakanmu ne ya gina shi, shi ya sa limanci bai taɓa barin gidanmu ba. Lokacin ina karatu a Dutse, ba wanda ban cika wa baki da wannan tarihi ba.

Da damina ta tsaga bangon gabas, sai gari ya yanke a sake gini da bulo. Ana cikin sara da diga, wani magini ya tsaya cak. A cikin bango, daidai inda liman ke tsayawa, ga gafaka da takarda ɗaya ta ajami. Aka miƙa wa baffana, limamin gari. Na leƙa ta kafaɗarsa ina karantawa.

Ashe wani maƙeri ne ya gina masallacin, shi ne kuma liman na farko. Da ciwon ajali ya kama shi ɗansa yana goye, sai ya ba kakan kakanmu riƙon limanci amana, har yaron ya girma. Ba a taɓa mayarwa ba. Ga jikokin maƙerin nan cikinmu suna kwasar ƙasa, mutanen da ko aure gidanmu ba ya haɗawa da su.

"Baffa, ninke ta kawai," na raɗa masa. "Wa ya sani?"

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. "Mai ɗakin da muke ginawa ya sani."

Ya ɗaga murya ya karanta ta tas. Sannan ya je ya durƙusa gaban dattijon maƙera. Tsohon ya kama shi yana hawaye, ya ce, "Tashi, Malam. Mu ba mu yi karatun ba. Ka ci gaba da jan mu salla, amma a riƙa sa kakanmu a addu'a."

Baffa bai tsaya nan ba. Ya ɗauki jikan dattijon ya karantar da shi, yau shi ne na'ibinmu.

Ni dai har gobe ina jin kunyar raɗar da na yi. Ranar na gane asalin da mutum ke taƙama da shi kan zama kayan aro, kuma faɗin gaskiya a kan kanka ya fi gina masallaci wuya.