Gishirin Goshin Sale

"Hajiya, in kin sumbaci goshinsa, kina jin gishiri?"

Tambayar da likita ta yi min ke nan jiya, da na kai jikana asibiti. Sai da na nemi wurin zama.

Lokacin yaƙin basasa, a gidanmu na unguwar Sabo, haka ƙanena Sale yake. Ci kamar gara, amma kullum ramewa yake. Tari ba ya barinsa, kashinsa duk maiƙo, ga wari.

Tsofaffin gida suka ce nonon Innarmu ne ya lalace. Aka tatsa a ludayi, aka jefa tururuwa, ta mutu. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Inna ta ce wa Gwaggo, yayar mahaifinmu, "Yaya, ni fa gishiri nake ji a jikin yaron nan."

Gwaggo ta ce, "Hawayenki kike lasa."

Sale bai yi nisan kwana ba. Inna ta koma ga Allah tana ganin laifinta ne.

Likita tana zargin ciwon gado ne, sistik faibrosis, mai sa gishiri ya yi yawa a gumin yaro. Za a gwada gumin jikana.

Allah sarki Inna, ashe gaskiya kika faɗa.

Iyaye mata, akwai wadda ta taɓa jin gishirin nan aka ƙi saurarenta?