Yau Ba a Hura Wuta a Gidan Ɓawo Ba

Da safen nan na fito zan tafi aiki, sai na ci karo da Malam Idi mai amalanke a ƙofar gidan ɓawo, da tabarmin shanya naɗe a kansa.

Tabarmin nan ba sa fita. Ko biki ake a unguwa Hajiya ba ta ba da aronsu, domin a kansu muke shanya gawayi. Ga kuma san da ke ja masa amalanke tsaye a rana da kaya ba a sauke ba, shi kuwa ba ya yi wa dabba haka.

Na ce, "Malam Idi, ina za ka da su? Ta sani?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Habsu, mutane za su zauna."

A nan na gane. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar, ban san lokacin da kwanon abincina ya kife ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya Balki, uwar ɗakinmu, ta rasu bayan sallar asuba a asibiti a Damagaram. An kawo ta Matameye, an yi mata sutura bayan azahar.

Waɗanda ba 'yan garin nan ba ne ba za su san gidan ɓawo ba. Ƙaramin kamfani ne a bayan gari, ta hanyar Dungu. Yana da suna na Faransanci a jikin ƙofa, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba. Man gyaɗa ake tatsa. Mu kuma mata muna bayan gida, muna aikin abin da ya rage bayan an cire man.

Na san ta a shekarar farin nan, wancan karon da sojoji suka karɓi mulki. Mijina ya tafi Libiya ci-rani, labari ya yanke. Rumbu babu komai. Matan unguwarmu suna ta tafiya Aljeriya da yara don yin bara, ni ma na sayar da akuyata da tasoshin aurena, na ɗaure kaya.

Ranar ta shigo gidanmu da buhu a hannu, tana tambaya ko muna da ɓawon gyaɗa a juji. Na ɗauka taɓin hankali ne. Mace mai karatu, wadda ta yi aikin gwamnati a ma'aikatar gona, tana bin juji.

Ta ga ƙullin kaya a bakin ɗaki. Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Arewa za mu."

"Da yaran?"

Na ce, "Da su ake samu, Hajiya."

Ta ɗauki ƙaramar 'yata ta goge mata hanci da bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Gobe ki zo ki taya ni ƙona shara. In bai yi miki ba, motar Agadas ba ta ƙarewa."

Na je. Waɗanda muka shirya tafiya tare, wasu sun dawo. Maƙwabciyata da 'ya'yanta har yau ba a san inda suke ba.

Aikin shi ne a cika duro da ɓawo, a sa wuta, a rufe kafin ya zama toka. In ya huce a daka, a kwaɓa, a murza dunƙule-dunƙule, a shanya. Sai ga gawayi, ba a sare itace ko ɗaya ba. A wani horo ta koyo shi, kuma a can aka ce musu da kunun gari ake haɗa shi don ya kama jikinsa.

Haka muka yi da farko. Muna dama kunun gero muna zubawa a baƙin gari, a shekarar da yara ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya.

Ba mu ga laifin ba sai da gari ya gani. Magana ta zaga cewa Hajiya Balki tana ƙona abinci. Liman da kansa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya ce, "Hajiya, abin da na ji gaskiya ne?"

Ta dubi tukunyar kunun, ta dube mu. Mu kanmu da yunwarmu muke damawa, wasunmu suna lasar muciya a ɓoye.

Ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Na kwaso karatu ban dubi shekara ba."

Kunun ranar yaran unguwa suka sha. Ban taɓa ganin babba ta ji kunya irin ta ranar ba. Ta rufe wurin, ta yi kwanaki ba ta fito ba, ni kuma na koma ina kallon ƙullin kayana. Sai ga ta da ƙasar shuri a kwarya, hannunta duk cizon gara. Muka gwada, ya farfashe. Muka ƙara, ya ƙi kama wuta. A hankali muka gano daidai. Har yau da ƙasar shuri muke haɗawa, kuma tun daga ranar ko ƙwayar hatsi ba ta sake shiga aikin ba.

Daga baya ta sayo raguna don su ci tunkuza, wato ragowar gyaɗar da aka tatse. Kashinsu kuma ba ta sayarwa. Duk manomin da ya kawo mata gyaɗa, kafin ruwa ya sauka Malam Idi zai kai masa taki har gona, a Dawce ne ko a Yauri. Tana cewa gonar da aka ɗebo wa, dole a mayar mata da wani abu. Tokar da ke fita daga murhunmu ma tsofaffin cikinmu ke tacewa su yi sabulu.

Malam Idi Bafillace ne, farin nan ne ya cinye masa shanu sai sa ɗaya. Ita kuma kakanninta Barebari ne, don haka kullum suna fama.

Ta kan ce, "Ga bawana ya iso. Fillo, yau ma san ne ya nuna maka hanya?"

Shi kuma ya ce, "Ni bawanki? Babarbariyar da ke tara kashin tumaki kamar zinariya? Wallahi in an bar ki har tarin da mutum ya yi sai kin ce a tara, zai yi amfani."

"Zai yi mana. Kawo naka."

Yau na gan shi zaune nesa da mutane, ya rufe fuska da rawani.

Ba ta da sauƙi, kada in yi mata ƙarya. In ta ga ɓawo a zube a hanya sai an tsince shi tas. Amma duk mai juna biyu tana ɗauke ta daga wurin hayaƙi ta mayar da ita wajen sabulu, ba tare da an roƙa ba. Mai ƙona duro kuma tana da ludayin nono kullum. Gawayin da ya farfashe namu ne, kowa ta ɗiba ta kai gida. Na lura akwai ranakun da take taka mai kyau da gangan, in ta san wata ba ta da na girki.

Da 'yata ta ci jarrabawar shiga kwaleji, ni da ban wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, Hajiya ce ta fara yin guɗa. Muryarta ba ta da daɗin guɗa ko kaɗan. Muka yi ta dariya har ta ji haushi.

Yanzu ga shi mun koma inda muka fito. Sojoji sun sake karɓar mulki, boda a rufe, kuran na lantarki ba ya zama, man gazuwal ya yi tsada. Damina ta ɗauke tun gyaɗa ba ta cika ba. Injin mai yana kwana da yini bai tashi ba. Mata sun sake fara zancen Arewa a bakin rijiya.

Cikin haka wasu mutanen wani babban kamfani suka zo da farar mota, suna son sayen wurin. Ba mutanen banza ba ne, sun gaishe mu da ladabi. Su ma sun ce ba sa zubar da komai: za su kawo inji mai ƙarfi, ɓawo da tunkuza kuma kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa kwasa zuwa masana'antarsu, a can a sarrafa. Hajiya ta sa aka dama musu fura, ta saurare su har ƙarshe.

Ta ce, "Zancenku ba shi da aibu. Amma in tunkuza ta hau kamiyo, takin wace gona zai koma? Matan nan fa?"

Babbansu bai ɓoye ba. Ya ce injin ba ya buƙatar hannu da yawa.

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, domin wurin ba nata ba ne ita kaɗai. Da ɗanta Lawali, wanda ke aiki a Yamai, suka haɗa jari. Shi yana ganin a sayar ta huta. Ban ga laifinsa ba. Shi ke fama da neman maganinta tun da boda ta rufe, shi ya ga yadda ƙafafunta suke kumbura.

Makon jiya na je duba ta a gida. Tana kwance, ta rame, amma da na durƙusa sai ta jawo mayafina ta sunsuna.

Ta ce, "Kun bar duro ya ci wuta da yawa. Warin toka nake ji."

Na ce, "Hajiya, ki ji da jikinki."

"Jikina yana da masu ji da shi. Ina Zali?"

Zali ƙanwata ce, tare muke aiki, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Na so in ɓoye, ban iya ba. Na gaya mata Zali ta sayar da tunkiyarta, tana tambayar motar Agadas, domin ta ji za a sayar da gidan ɓawo.

Hajiya ta rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai ta ce, "Ki ce mata ta dakata. Zan zaunar da Lawali in ya zo, wannan ba maganar waya ba ce. Injin mai in yana so ya sayar. Amma filin ɓawo da garken raguna ya bar wa mata. Na gama tunani."

Na ce to. Na gyara mata matashi, ta ce in tafi kada rana ta faɗi gawayi yana waje.

Daga ni sai ita a ɗakin.

Na faɗa wa Zali, ta ajiye maganar tafiya. Lawali kuwa bai samu zuwa ba. Ko jana'izar bai riska ba, yana hanya har yanzu, Yamai da nisa.

Tun azahar nake juya abin a raina. Ni 'yar aiki ce, ba dangi ba. Ta yaya zan tari mutumin da ya rasa uwa in ce masa ga abin da ta ce game da fili? Wa ya ji? Za a ce tun ƙasar kabari ba ta bushe ba mai ƙona shara ta fara zancen gado. Na san ma wasu za su ce ban kyauta ba da na rubuta a nan. Wataƙila suna da gaskiya. Lawali, in wani ya kai maka wannan kafin in iya buɗe baki, ka yafe mini. Ba don kaina kaɗai ba ne. Ka san matan da ke bayan gidan nan, wasunsu sun goye ka tun kafin a fara aikin nan.

Allah ya jiƙan Hajiya Balki, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi. Cizon garar nan da hayaƙin da ta sha, Allah ya sa ta same su a mizani. Ya ba Lawali da 'yan uwansa haƙuri, ya shiryar da zuciyarsa ga abin da ya fi alheri. Ya ba mu damina mai albarka, ya tsare 'ya'yanmu daga hanyar hamada.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ko bai san ta ba. Wanda ta taɓa ɓata wa, ya yafe mata.

Takin bana yana nan tsibe, ba a kai gona ko ɗaya ba. Zali ta aiko tana tambaya ko ta ci gaba da jira, ban ba ta amsa ba, kuma har yanzu babu wanda ya zauna da Lawali.